Mafrash: kafin ki biya, a ina za ki wanke shi?

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na Makka da Jidda da Madina, da ku da kuke kallonmu daga gida. Yau zancen shimfiɗar gado za mu yi. Mu a gida komai zanin gado ne, amma kasuwar nan ta raba su. Sharshaf shi ne siririn zanin da ke kan katifa, baɗɗaniyya bargo ne, mafrash kuwa shi ne mai kaurin da ake rufe gadon da shi daga sama, wanda yake zuwa da rigunan filo. Shi za mu taɓa.

Ki fara da awo tun kina gida. Mai shago zai tambaye ki nafar ne, ko nafar wa nus, ko nafaraini, wato na mutum ɗaya, ko ɗaya da rabi, ko biyu. Wannan ba ya wadatarwa, domin katifu sun bambanta a kauri. Ɗauki tef ki auna faɗi, ki auna kauri. In faɗin santimita 180 ne, kaurin kuma 25, sai ki haɗa faɗin da kaurin sau biyu, ya ba ki 230. To ki nemi mai faɗin 240 ko sama, don ya sauko ya rufe gefen katifar. In auduga ce zalla ki bar rara, tana ɗan tsukewa a wankin farko.

Yanzu ga mu a kasuwa. Duk wadda ta taɓa ratsa kasuwar Bab Sharif a Jidda ta san yadda ido ke ruɗewa: ga mai duwatsu, ga mai surfani da zare ruwan zinariya, ga mai sheƙi kamar a sa a baki. Hajiya, tsaya. Kafin ki ce "bikam", wato nawa ne, tambayi kanki a ina za ki wanke shi. Yawancin masu ƙyalƙyalin nan ba sa shiri da injin wankin gida. Duwatsun su zube, zaren ya tsinke, sai dai kullum a kai magasala, wato shagon wanki da guga, a biya. In na ɗakin amarya ne, wanda za a shimfiɗa baƙi su gani a naɗe, ba laifi. Amma wanda yara za su yi tsalle a kai, ni dai ba zan saya ba.

Juya shi ki nemi 'yar takardar da ke ɗinke a gefe, mai faɗin irin yadin, ita ba ta iya ciniki ba. Auduga tana shan gumi, iska na ratsa ta, sai dai ta fi tsada kuma tana yamutsewa. Foliyesta, da ɗan uwansa da suke kira maikurofaiba, ya fi araha, yana saurin bushewa, launinsa ba ya saurin koɗewa, amma yana riƙe zafi. A Makka, inda zafin bazara ke haura digiri 40, duk daren da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya samu matsala za ki gane bambancin. Mutanen Jidda kuma danshin teku ne matsalarsu, mai nauyi ba ya bushewa da wuri. Madina da Ɗa'if ne ake yin sanyin da zai sa ki nemi mai kauri, shi ma na 'yan watanni ne.

Sannan ki duba ɗinkin da ya ratsa jikinsa. In gidajen ƙanana ne, abin da aka cusa a ciki zai zauna daram. In manya ne, wanki biyu uku zai dunƙule a kusurwa ɗaya, tsakiya ta koma fayau.

To, an saya. Wanke shi tun kafin a kwana a kai, saboda ƙurar sito da ragowar rini. Ga alamomin takardar nan: hoton baho mai lamba a ciki yana gaya miki iyakar zafin ruwa, 30 ko 40 ko 60. Alama mai kusurwa uku da aka soke tana nufin kada bilic ya taɓa shi, wanda a nan kowa ke kira Clorox. Da'ira ita kaɗai kuwa aikin magasala ne, wankin da ba a sa ruwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne cusa mafrash na nafaraini cikin injin mai kilo 7. Zai shiga, in kin danna da gwiwa. Amma ba zai juya ba, ruwa ba zai ratsa tsakiya ba, sabulu ya maƙale a ciki, ki fito da shi yana ƙamshi alhali dattin na nan. Ki bar sarari a injin, in bai samu ba ki kai inda suke da babba. Sabulu kaɗan, ɗauraya sau biyu. In da mai asma ko yawan atishawa a gidan, zaɓi wanda zai jure digiri 60, don zafin nan ne ke kashe ƙananan halittun ƙura da ido ba ya gani, yana kuma kashe kuɗin cizo da ƙwansa.

Wajen shanya, ranar Hijaz, wato yankin nan na Makka da Madina, ba ta wasa. Juya cikinsa waje, ko ki nemi inuwa mai iska, in ba haka ba jan nan mai kyau zai koma kamar na shekara goma. Kuma kada busasshen baya ya yaudare ki, matsa tsakiyar da hannu. In kin ji sanyi-sanyi bai bushe ba, kina naɗewa fumfuna za ta kama shi, warin kuwa ko almiski ba ya rufe shi.

Tabo kowanne da maganinsa. Jini, ruwan sanyi, na zafi dafa shi yake yi ya zauna. Man gashi ko dihinil ud, wato man turaren ud, ɗiga sabulun wanke-wanke ki bar shi ɗan lokaci kafin wanki. Lalle kam, gara ki shimfiɗa tsohon zani ranar ƙunshi, don in ya kama sai haƙuri.

Ga wata da ta shafe mu sosai, turaren wuta. Mun saba tura kasko ƙarƙashin shimfiɗa don ta kama ƙamshi. Foliyesta narkewa yake yi, tartsatsi ɗaya ya huda shi, kuma ramin ba ya ɗinkuwa. Rataye shi ki turara daga nesa, kina tsaye a wurin.

In lokacin ajiya ya yi, sa shi a jakar yadi ko tsohon sharshaf, leda tana tara gumi. Masu kai tsaraba gida kuma, jakar nan da ake zuƙe wa iska tana rage girma ne kawai, nauyin na nan. Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, don haka ɗora shi a sikeli tun a masauki, kada ki je filin jirgi kina kwance kaya a gaban jama'a.