Jarabar wayar hannu: lacca daga Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To, madalla. Abu huɗu zan kawo in Allah ya yarda, kafin sanyin Jos ya kore mu.

Na farko, mu san da wa muke kokawa. Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a 2001. Dattawa kun tuna, layi ɗaya sai mai hali, a kira a gaisa a ajiye. Ta yanzu kuwa an gina ta ne don kada a ajiye. A 2006 wani injiniya a Amurka, Aza Raskin, ya ƙirƙiro tsarin nan da kake jan fuskar waya da babban yatsa, abu na ta fitowa ba ƙarshe. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Ku duba fa, labaran NTA na ƙarfe tara in an gama an gama. Jarida tana da shafin ƙarshe. Kwanon tuwo in ka ga gindinsa sai ka wanke hannu. TikTok kuwa kwano ne marar gindi, marar gindi nake gaya muku!

Kuma ba kowane bidiyo ke burge ka ba. Biyar su wuce a banza, na shida ya sa ka dariya. Rashin sanin wanne ne zai yi daɗi, shi ke sa ƙwaƙwalwa ta ce ƙara ɗaya, ƙara ɗaya. Da irin wannan dabarar ake kama 'yan caca. Manhajar kuma tana lura da daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, gobe ta kawo maka irinsa. Ku je teburin mai shayi a Bauchi Road bayan isha'i. Samari jere a benci, kowa ya duƙar da kai, shayi ya huce, indomi ta sandare a faranti, ba mai ce wa wani uffan. Wallahi abin yana ci mini rai, don a majalisa muka koyi magana, a nan muke jin wa ya rasu, wa ba shi da lafiya. Kai mai jar hula, ai ka san teburin da nake nufi, shi ya sa kake dariya. Saboda haka kada ka ce ƙarfin zuciya kaɗai zai fisshe ka. Sai ka yi nesa da ita.

Na biyu, dare. Kada waya ta kwana a gadonka. Hasken fuskarta yana jinkirta sinadarin barci da likitoci ke kira melatonin, ka kai ƙarfe biyu ido biyu, asuba ta wuce ka. A bar caja a falo. Mai cewa ita ke tashinsa, ya shiga kasuwar Terminus ya sayi agogo.

Na uku, a'a, bari in haɗa sauran, lokaci ya tafi. Yara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da jariri gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Iyayena mata, a daina rarrashin yaro da waya. Sannan kowa ya buɗe Digital Wellbeing a Android, ko Screen Time a iPhone, ya ga awoyinsa da idonsa, ya kashe ƙarar saƙonnin da ba dole ba.

Na'am Hajiya, a miƙa mata lasifika.

"Malam, ni turaren wuta da atamfa nake sayarwa a WhatsApp. In na ajiye waya ai na ajiye ciniki."

Allah ya yi wa kasuwa albarka, Hajiya. Wayarki shago ce, to ki sa mata lokacin buɗewa da rufewa. Ki rubuta a status cewa kina amsa saƙo daga tara na safe zuwa magariba. WhatsApp Business yana da saƙon da ke amsa wa mutum da kansa in ba kya kusa, wata cikin 'yan matan nan ta saita miki kafin ki tafi. In da hali, layin ciniki daban, na gida daban. Mai son atamfa ƙarfe sha biyun dare, da safe ma yana so. Akwai wani hannu a can baya?