Hancin Lantarki da Tarin Mai Suya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga Legas a kan numfashi ne, wannan da muke shaƙa muna fitarwa ba mu ma san muna yi ba.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa cuta tana da wari. Mai ciwon suga idan jikinsa ya rikice, bakinsa kan yi ƙamshi irin na 'ya'yan itacen da suka nuna tuɓus. A 1971 masanin sinadarai na Amurka, Linus Pauling, ya auna numfashin ɗan Adam ya tarar da sinadarai kusan 250 a ciki. A 1999 Michael Phillips da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet cewa 22 daga irin waɗannan sinadarai na iya nuna alamar sankarar huhu.

Amma sunan da ya fi tashe a fagen nan shi ne Farfesa Hossam Haick, Balarabe haifaffen Nazarat, malami a jami'ar Technion da ke Haifa a Isra'ila. A 2009 shi da tawagarsa suka fito da wata na'ura da za mu iya kira hancin lantarki. Ƙananan ƙwayoyin zinariya ne, waɗanda ido ba ya gani, aka lulluɓe su da sinadarai iri-iri. Mutum ya hura, numfashin ya ratsa su, sai yadda lantarki ke bi ta cikinsu ya canza, kwamfuta kuma ta karanta canjin. Ba sinadari ɗaya take nema ba, haɗin gaba ɗaya take ganewa, kamar yadda uwargida ke sanin miyar kuka ce a wuta tun daga zaure, ba sai ta ƙirga daddawa da barkono ba. A 2017 suka buga sakamakon gwada fasahar a kan mutum 1,404 da cututtuka 17, ta yi daidai a kashi 86 cikin 100.

A duniyar boko, yawan ambaton aikinka a rubuce-rubucen wasu shi ne ma'aunin girma, kuma ta nan Haick ya ciri tuta. Ni dai ma'aunina daban ne.

Akwai wani dattijo mai suya da na sani a Agege. Shekara da shekaru yana kan tukuba, hayaƙin gawayi a fuska, janaretan maƙwabci na ta ɓarin nasa a gefe. Bai taɓa sa taba a baki ba. Da tari ya matsa masa, ya rame, aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata shida cur. Sai da ya fara tofar da jini aka yi hoton ƙirji mai zurfi, aka ga sankarar huhu ce, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Yaronsa ya ce da ni, "Malam, da ma tun farko an faɗa mana."

Nan ne gizo ke saƙar. Sankarar huhu ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a duniya a 2022, akasari saboda ba a gano ta sai ta yi nisa. Hoton siti-sikan, wato hoton ƙirji mai zurfi, yana kama ta da wuri, an tabbatar da haka a Amurka tun 2011, to amma ɗan acaba ko mai dako a kasuwar Mile 12 ina ya ga kuɗinsa? Na'urar da za a hura a ƙaramin asibitin unguwa ta ce wa likita "wannan a duba shi da kyau" ita ce daidai da aljihunmu.

Sai dai har yau ba ta zama kayan aikin yau da kullum a asibitoci ba, kuma dalilin ya shafe mu. Abin da ka ci, da taba, da iskar da ka kwana kana shaƙa, duk suna barin sawu a numfashi. Shi ya sa masu bincike ke sa mutum ya fara shaƙar tacacciyar iska na 'yan mintoci kafin ya hura. To ina ga direban tirela da ya yi kwana uku a layin Apapa? Ko mazaunin Ojota da ke maƙwabtaka da jujin Olusosun? Ga asibitocin koyarwa na jami'o'i, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, ga masu tari cike da layi. A kawo na'urar nan a gwada ta a kansu, mu ga ko za ta raba tarin fuka da sankara.