Mesa mai gajeren jela da zafin Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, iyayena da ke gaba, ɗalibai, ina yi muku barka da yamma. Na baya can kuna ji na? To madalla. Wannan akwatin da na ajiye a kan tebur babu komai a cikinsa, Hajiya ki zauna abinki, fanko ne, don misali na kawo shi. (dariya)

Abubuwa huɗu na yi niyyar taɓawa: wace ce wannan mesa, ɗakinta, cinta, sai kuma haihuwa.

Na farko. In aka ce mesa a nan, hankalin kowa yana tafiya ga tamu ta daji, doguwar nan da ake zuwa kallo a gidan zu na Audu Bako, mai iya haɗiye akuya. Wadda zan yi magana a kai ba ita ba ce, kuma ba ’yar Afirka ba ce sam. Gidanta tsibiran Sumatra da Borniyo a yankin Indonisiya, da Malesiya da kudancin Tailan. Da can ana ɗaukarsu iri ɗaya, sai a 2001 masana suka raba su uku: Python curtus, baƙa-baƙa ta Sumatra, Python breitensteini ta Borniyo, mai ruwan ƙasa, da Python brongersmai, ja, wadda Turawa ke kira mesar jini saboda launinta. Babba ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, amma kauri kamar cinyar ƙato, sai ɗan kai ƙarami, jela kuwa kamar an datse. Bahaushe ya gan ta a tsakar gida, kasa zai ce. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Ba ta da dafi, matsewa take yi.

Zamanta a fadama ne da bakin rafi, cikin ruɓaɓɓen ganye. Da aka sare dazuka aka shuka kwakwar manja sai ɓeraye suka yi yawa, ita ma ta tare a gonakin. A nan ake kama su dubbai duk shekara don fata. Mu da muke da majema a garin nan, mun san abin da ake nufi da kasuwar fata.

To na biyu, ɗakinta. Nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Duk abin da za ka karanta a intanet kan kiwon wannan dabba, kusan duka mutanen Amurka da Turai ne suka rubuta shi. Mutumin da ƙanƙara ke sauka a ƙofar gidansa, damuwarsa ɗaya ce: yaya zan ɗumama macijina? Sai ya ce ka sayi fitila mai zafi, ka sayi shimfiɗar lantarki ka sa a ƙarƙashi. Kai kuma kana Kano, kana Gyaɗi-gyaɗi ko Ɗorayi, ɗakinka rufin kwano ne ba silin, watan Afrilu ne, ma’auni ya haura digiri 40 a inuwa. Ka bi maganarsa ka kunna fitila, wallahi dafa ta ka yi. Dafa ta ka yi!

Wannan mesa ba ta son zafi. Mutane suna jin an ce Indonisiya sai su ɗauka ƙasar zafi ce, don haka za ta jure namu. A’a. Can zafi ne mai laima, a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, ita kuma tana binne cikin ganye mai jiƙa. Abin da jikinta ke so shi ne digiri 26 zuwa 28. In akwai kusurwa mai ɗan ɗumi kada ta wuce 30 ko 31. Maciji ba ya gumi, ba ya haki irin na kare ya huce. Zafin wurin da ka ajiye shi shi ne zafin jikinsa. A daji in rana ta matsa sai ya nutse cikin taɓo. A akwati ina za shi? Za ka ga ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita, ta ƙi ci, ta yi amai in ta ci, ta fara faɗa. Sai ka ce muguwa ce, alhali kuka take yi maka.

Saboda haka aikinmu a Kano sanyayawa ne. Kuma a nan ina so mu girmama kakanninmu. Ka shiga tsohon soro na ƙasa a cikin birni da tsakar rana, wajen Mandawari ko Yakasai, ka ji yadda sanyi ke dukan ka. Ginin ƙasa mai kauri ya fi bulo da kwano nesa ba kusa ba. Wanda ke da irin wannan ɗaki ya riga ya ci rabin jarrabawa. Sai randa. Me ya sa ruwan randa ke sanyi ba firji? Ruwa ne ke tsatsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, yana tafiya da zafin. Ka jera randuna biyu ko uku a ɗakin, ka jiƙa buhun algarara ka rataye a taga, ka sauke akwatin ƙasa, don zafi sama yake taruwa. Ka sami sanyi, ka sami laima, duk a abu ɗaya. Mai hali ya sa na’urar sanyaya ɗaki, amma sai da sola ko janareto a gefe, domin yinin Afrilu guda ba wuta ya isa ya kashe dabbar da ka shekara biyar kana reno. Kuma kada ka auna da fatar hannunka. Ka sayi ma’auni, biyu ma, ɗaya na zafi ɗaya na laima, ka sa su inda take kwanciya, ba a jikin bango ba.

Ban gama ba, akwai hunturu. Da bazara zafi ne abokin gaba, da hunturu bushewa ce. Ita tana son laima kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mu kuwa a watan Janairu leɓe tsagewa yake, ƙafa ta yi faso, wanki ya bushe kafin ka gama shanya. Abin da iskar nan ke yi wa leɓenka shi take yi wa huhun mesa. Saɓa ta maƙale mata, har a kan ido, numfashi ya fara fito, majina ta fito a baki. In ka ga haka, likitan dabbobi kai tsaye, ba jiƙo ba. Sannan daren hunturu sanyi kan sauka sosai, a nan kaɗai ne za ka iya buƙatar ɗan ɗumi. Amma kada kuma ka ce laima ake so ka mai da akwatin kwata. Shimfiɗa ta zama mai danshi, ba sharkaf ba, ɓawon kwakwa ko takarda, iska tana shiga tana fita, da wurin ɓuya mai duhu wanda zai taɓa jikinta ta ko’ina. Kwanon ruwa babba, a canza kullum, don tana shan ruwa ƙwarai.

Wane na ce na uku? Ci. Ɓera ne, wanda ka kiwata da kanka, ba na kwata ba, don na gari wataƙila ya ci guba. Babba ɓera ɗaya a mako biyu ko uku ya ishe ta. Ba ta yawo, kwanton ɓauna take yi, in ka cika mata ciki kitse zai kashe ta. Wani abin mamaki, tana iya yin watanni ba ta yi kashi ba, lafiyarta ƙalau. Kada ka ɗura mata komai. Ranar da za ta yi kuwa, ka tanadi bokiti. (dariya) In za ka ɗauke ta, hannu biyu, ka tallafi nauyinta, ba a rataya ta a wuya yadda gardawa ke yi.

Shugaba yana nuna mini agogo. Haihuwa a gurguje. Mace sai ta kai shekara uku ko fiye, ta yi jiki. Bayan barbara takan saka ƙwai goma sha wani abu, babba ta haura ashirin, ta naɗe su ta yi kwanci. In ka kwashe za ka ƙyanƙyashe da kanka, digiri 30 zuwa 31, laima sosai, wata biyu zuwa biyu da rabi. Kuma masu kiwon kaji ku ji da kyau, ƙwan maciji ba a juya shi. Yadda ta ajiye shi haka zai zauna, ka juya ɗan na iya mutuwa. ’Ya’yan kuma sun bambanta da na sauran mesa: ba sa yin saɓar fari sai bayan watanni, don haka kada ka jira saɓa kafin ka ba su abinci.

Na’am, Malam na can gefe? A miƙa masa lasifika.

Malam yana tambaya, in ta kuɓuce ta shiga maƙwabta fa? Allah ya saka da alheri, Malam, ka tuna mini maganar kasa da na ce zan dawo. Maƙwabcinka ya ga abu mai kauri, gajere, mai zane, kwance a bayan randarsa, ba zai tsaya tambayar sunanta ba, kuma yana da gaskiya. Mutanen ƙasar nan sun san abin da kasa da kububuwa ke yi, je ka asibitin masu saran maciji na Kaltungo lokacin damina ka gani. Uwa mai ’ya’ya ba za ta yi barci ba in ta ji akwai maciji a bayan katangarta, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne a wurinmu. Don haka akwati ya kasance da sakata da kwaɗo, ɗakin ma da kwaɗo, mai unguwa ya sani, maƙwabta su sani tun kafin ta shigo. In sun ce ba su yarda ba, ka haƙura. Sannan Malam, ita ba a shigo da ita haka kawai. Tana cikin yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, sai da takardar izini daga ƙasar da ta fito, a nan ma hukumomin muhalli suna da ta cewa. Wanda ya kawo maka ita a jaka ba takarda, kusan tabbas daga gonar kwakwar manja aka kamo ta, cike da kaska da tsutsar ciki, ga tsoro, ga cizo. Ka nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, ka ga takardunta da idonka kafin ka fitar da ko sisi.

An kira salla. Ɗalibar nan da ta ɗaga hannu tun ɗazu, ki same ni a bakin ƙofa bayan an idar.