Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi a Taron Ƙungiyarmu a Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa da direbobi, da samarin da ke can bakin ƙofa suna latsa waya, ina yi wa kowa barka da zuwa. Shugaba ya ce in yi magana a kan ƙetare iyaka ta mota, tunda Sallah ta matso, rabin mutanen zauren nan kuma sun fara tambayar kuɗin mota. Ni ba jami'in shige da fice ba ne, ban kuma karanta lauya ba. Dalilin da ya sa aka tsayar da ni, na daɗe ina bin hanya tsakanin Kumasi da gida, na kwana a kan benci a bakin iyaka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma in za a faɗi gaskiya, yawanci laifina ne.

Kakanninmu da suka zo Gwanja fataucin goro ba su san wani abu wai shi fasfo ba. Ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato, a yi watanni a hanya kafin a ga Salaga. Amma ba kyauta suke wucewa ba. Kowane gari da sarkinsa, kowane kogi da kuɗin fitonsa, madugu ne ke zama a yi ciniki, ya biya a madadin ayari. Yanzu babu madugu. In ka isa gaban tebur, takardar da ke aljihunka ce za ta yi maka magana.

To, me doka ta ce? An kafa Ecowas, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, a Legas a 1975. A 1979 aka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ce ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana iya shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wannan kowa ya haddace shi. Abin da ba mu haddace ba shi ne sharuɗɗan da ke biye: ka riƙe takardar tafiya mai rai, ka riƙe katin rigakafi, ka kuma shiga ta ƙofar da hukuma ta sani. Sau nawa na ga mutum ya tsaya yana ɗaga murya, “Ai Ecowas ce, ai babu biza!” alhali abin da ke hannunsa katin zaɓe ne. Katin zaɓe na ranar zaɓe ne. Lasisin tuƙi na mota ne. Takardar tafiya ita ce fasfo, ko ɗan littafin nan na Ecowas da hukumar shige da fice ke bayarwa, wanda ba ya aiki sai a cikin yankin, ko katin shaida na zamani na Ecowas irin wanda 'yan ƙasar Ghana ke riƙe da shi. Ni dai shawarata, wanda Allah ya hore wa, ya yi fasfo, don babu teburin da za a tsaya ana gardama a kansa.

Kuma ku duba ranar mutuwarsa tun yau, ku duba shafukan da suka rage. Mai bin hanyar bakin teku zai ƙetare iyaka uku: Aflao tsakanin Ghana da Togo, Hilakonji tsakanin Togo da Binin, sai Seme tsakanin Binin da Najeriya. Kowace iyaka hatimi biyu, na fita da na shiga. Zuwa shida, dawowa shida. Ɗan kasuwar da ke zuwa Legas duk wata, fasfo mai shafi 32 ba ya kai shi ko'ina.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, don nan ne ciwonmu yake, mu Hausawa musamman: suna.

Mutum ɗaya, a gida ana ce masa Mamman. A makarantar allo Muhammadu ne. Wanda ya rubuta masa takardar haihuwa ya sa Mohammed. Ya je Maraɗi wurin kawunsa aka yi masa wata takarda, magatakarda ya rubuta Mahamadou irin na Faransanci. Ya zo nan Kumasi ya yi rajistar layin waya, aka ɗora masa sunan garinsu a matsayin sunan uba. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, mun san shi, mun san ubansa. A wurin kwamfuta mutum huɗu ne. Haka Usman da Ousmane, Yusuf da Issoufou, Abubakar da Aboubacar da Garba da Buba. Jami'in da ke Hilakonji, wanda ƙila bai taɓa jin Hausa ba, ta yaya za ka fahimtar da shi cewa Garba shi ne Abubakar? Kana rantsuwa, shi kuwa haruffa yake ƙirgawa.

Sai ranar haihuwa. In na ce duk wanda takardarsa ta ce an haife shi ran 1 ga Janairu ya ɗaga hannu, na san zauren nan zai cika da hannuwa. Ba laifinmu ba ne, iyayenmu da shekarar fari ko ta rasuwar sarki suke lissafi. Laifin yana zuwa ne in wannan takarda ta ce 1974, waccan ta ce 1978, saboda wata rana an rage shekaru don neman wani abu. 'Yan Najeriya kun sani, yanzu ba a yin fasfo sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma in abin da ke jikin NIN ya saɓa da abin da ka cika, aikin tsayawa yake yi har sai an gyara. Gyaran nan ba na kwana biyu ba ne. Ku zaɓi rubutu ɗaya, ku tsaya a kansa. 'Ya'yanmu kuma kada mu gadar musu da wannan ruɗani: yadda aka rubuta a takardar haihuwa, haka a makaranta, haka a fasfo, harafi da harafi.

Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma aka fi tatsar mutane a kansa. Abu biyu za ku riƙe. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya bai yi komai ba. Sannan tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A da shekara 10 ne, yanzu babu wannan. Iyayenmu mata, in wani ya ce katinku ya mutu don ya tsufa, ku faɗa masa haka cikin ladabi. Masu sayen katin a tasha ba tare da allura ba kuwa, sauron da ke ɗauke da cutar ba ya karatu.

Bari in ba ku labarin kaina. Wata shekara na isa wata iyaka da la'asar sakaliya, layi ya yi tsawo, ga kaya, ga gajiya. Wani yaro ɗan acaba ya matso ya ce, “Alhaji, me za ka tsaya yi? Hau in zagaya da kai.” Na hau. Muka bi ta bayan wasu gidaje, ta cikin gonar rogo, minti goma sai ga ni a ɗaya ƙasar, ina ta yi wa kaina kirarin wayo. Na yi sati uku na gama harkata. Ranar dawowa na miƙa fasfo, mutumin ya buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya sake farowa, sannan ya cire tabarau ya ce, “Ta ina ka shigo?” Ina da fasfo mai rai, ina da katin rigakafi, ba na ɗauke da komai na laifi, amma a takarda ban taɓa shiga ƙasar ba. Motarmu ta tafi ta bar ni, da buhunana a kanta. Na kwana a benci, sauro ya yi walima, abin da na kashe kafin in fita ya ninka kuɗin acaɓar nan ban san sau nawa ba. Tun daga ranar, ko layi ya kai ina, sai na ga an buga, in kuma buɗe a gaban mai bugawa in duba kwanan wata da adadin kwanakin da ya rubuta. In kwandasta ya tattara fasfo ya je ya bugo muku, kada ku jefa a jaka da ya dawo. Ku buɗe. Ya sha faruwa a tsallake na mutum ɗaya a cikin tari, ba a gane ba sai a iyaka ta gaba.

'Yan'uwanmu na Nijar, taku maganar ta ɗan bambanta. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga Ecowas ran 29 ga Janairun 2025, sun kuma fito da fasfonsu na AES, wato ƙawancensu na ƙasashen Sahel. A ranar Ecowas ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, a bar su su yi zirga-zirga ba biza, har sai an sanar da wani abu dabam. Wannan “har sai” ɗin ita ce abin lura. Sannan hanya kanta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Binin ta buɗe ɓangarenta daga baya, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma ƙetare kogin Kwara a kwalekwale da kaya da yara. Hanyar Fada Ngurma zuwa Kancari da Makalondi kuwa kun fi ni sanin halin tsaron da take ciki. Shi ya sa da yawa ke zagayawa ta Najeriya, su shiga ta Illela zuwa Ƙonni ko ta Jibiya zuwa Maraɗi. Iyaka aba ce da ake rufewa dare ɗaya. Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 har Disambar 2020, Ghana ta rufe na ƙasa shekara biyu cur lokacin korona. Kafin ka sayi tikiti, je tasha ka nemi direban da ya dawo shekaranjiya, kada ka dogara da saƙon WhatsApp da ba ka san ranar da aka rubuta shi ba.

Maganar yara. A al'adarmu ba komai ba ne a ce, “Tafi da yaron nan ka kai wa kakarsa,” ko a haɗa ki da 'yar riƙo. A iyaka kuwa, babba da yaron da sunansu bai haɗu ba, abin da ke fara zuwa zuciyar jami'i safarar yara ce, kuma ba za a ga laifinsa ba, don ana yi. A riƙe takardar haihuwar yaron, da wasiƙar amincewar iyayensa da sa hannunsu da lambar wayarsu, da kwafin katin shaidarsu.

Haka saƙo. Mu ba ma iya ƙin saƙo, kunya ba ta bari. To, karɓi, amma a kwance shi a gabanka. Wanda ya ce ƙullin magani ne kada a buɗe, ka ce masa Allah ya ba da lafiya, ya nemi wani. In kwastan suka sami tiramadol a cikin ƙullin, ba za su tambayi wa ya ba ka ba, a hannunka aka gani.

Direbobi, kun fi ni sani, tuni kawai nake yi: lasisi, takardun mallakar mota, da inshorar Ecowas mai katin nan ruwan ƙasa. Yarjejeniyar ta ba motar gida kwana 90, ta haya kwana 15. Masu kuɗi a jiki, abin da ya haura dala 10,000 bayyana shi ake yi, a Ghana da Najeriya duka. Ku canji 'yan sefa kaɗan tun kafin Aflao don ruwa da abinci, ku kuma tuna daga Binin agogo yana gaba da na nan da awa ɗaya.

Na san abin da ke ran kowa: “Alhaji, ko takardunka sun cika sai an ce ka kawo wani abu.” Gaskiya ne, ba zan tsaya gaban malamai in musa ba. Akwai shingayen da ba takarda suke nema ba. Amma na lura da bambanci. Mai cikakkun takardu ana roƙonsa ne, yana iya yin murmushi ya ce a ba shi rasit, sau da yawa a miƙo masa fasfonsa a ce ya wuce. Marar takarda kuwa yanka masa ake yi, ba shi da bakin ciniki. Ku yi sallama, ku cire baƙin gilashi, ku amsa abin da aka tambaya kaɗai, kada ku ɗaga waya kuna ɗaukar hoto. Samari, da ku nake.

Kwana 90 ɗin nan kuma na baƙo ne mai wucewa. Wanda ya zauna, akwai izinin zama, akwai katin Ghana na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, wanda ake sabuntawa duk shekara. Haihuwa a nan ita kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ta iyaye da kakanni yake bi. Dattawan da ke layin gaba sun ga Nuwambar 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, mutanen da aka haifa a zango suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta yi irin nata a zamanin Shagari, har jakar nan ta “Ghana Must Go” ta samo sunanta. Muna zaune lafiya da mutanen ƙasar nan, Allah ya ƙara mana zaman lafiya, amma wanda izininsa ya mutu ya je ya sabunta.

Shugaba ya amince, bayan sallar la'asar sakatare zai zauna a teburin can da samari biyu masu karatun Turanci da Faransanci. Duk mai niyyar tafiya ya kawo takardunsa a jera su a duba suna da ranar haihuwa da ranar mutuwar fasfo, a ɗauki hotonsu a ajiye masa a waya, a ba shi lambar ƙungiya ya rubuta a takarda ya sa a aljihu, saboda waya tana mutuwa. Iyayenmu mata za a fara dubawa. Wanda bai zo da nasa yau ba, sakatare yana nan ranar Lahadi mai zuwa.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya. A gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.