Darasi: ƙaramar tarakta da kayan aikinta, abin da na gani a satin farko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. To yau dai ga ta nan a gabanku, ƙaramar taraktar da nake ta ba ku labari, sati ɗaya ke nan da kawo ta, mitar awa tana nuna 14, shi ya sa na ce bari in yi maganar tun abin yana sabo a raina. Ƙanena matso da kyamarar nan, yawwa, daidai nan.

Injinta na dizal ne, silinda 3, ƙarfin doki 25, kuma duk ƙafafun 4 suna ja in ka sa mata giyar. Ranar da aka sauke ta gaskiya na ɗan raina ta, na ga tayoyin gaba ƙanana, sai da na hau na sa ta a ƙaramar giya na ji yadda take tafiya a hankali amma ba ta ja da baya, nan na san ba abin wasa ba ce. Ba ta da kuloci irin na mota, feda biyu ne a ƙafar dama, ka taka wannan ta yi gaba, ka taka wancan ta yi ribas, ka ɗaga ƙafa ta tsaya. Mai ne yake tura ta, haidirolik, saboda haka za ku ji tana ɗan kuka kamar fito, ba lalacewa ba ce, haka suke. Mai aikin gaba da baya da bokiti zai ji daɗin wannan sosai.

Amma mu zagaya baya, domin ni a ganina a nan taraktar take. Kun ga hannuwan nan biyu na ƙasa, da wannan guda ɗaya na sama mai zare? Wurin rataya kayan aiki ke nan, mai riƙewa a wuri 3. Wani mutumin Ailan ne Harry Ferguson ya ƙirƙiro tsarin, ya yi fice a taraktar Ford 9N ta 1939, har yau kuma shi ake bi. Hikimar ita ce in garma ta shiga ƙasa tana ja, nauyin yana komawa kan tayoyin baya su ƙara kama ƙasa, shi ya sa ƙaramar tarakta take yin aikin da ya fi girmanta. Tawa aji na 1 ce, fil ɗin ƙasa kaurinsa milimita 22, na sama 19. Don Allah kafin ka sayi kowane kayan aiki ka tambayi ajinsa, in na aji 2 ne ramukan sun fi faɗi, kuma yawanci ya fi ƙarfinta ma, za ta ɗaga shi gabanta ya yi sama.

Yadda nake haɗawa, na yi ribas a hankali har hannuwan su zo daidai da fil, in ja birki, in kashe inji, sannan in sauko. Hagu nake fara sawa domin shi ba ya gyaruwa, sai dama wanda yake da abin juyawa ka ɗaga ko ka sauke shi har ya hau, na sama shi ne na ƙarshe. Ranar farko na fara da na sama, na fi rabin awa ina fama da ƙarfe yana ƙin shiga, da na bi wannan tsarin ko minti 5 ban yi ba. Kada ka manta da ƙananan makullan fil ɗin nan, kuma ka ɗaure sarƙoƙin gefe don kada kayan su riƙa lilo suna dukan taya.

To ga abin da nake so ku buɗe kunne. Wannan ɗan gajeren ƙarfen mai haƙora 6, shi ake kira PTO, shi ke ba kayan aiki juyi. Yana juyawa sau 540 a minti ɗaya, ku yi lissafi, sau 9 ke nan a daƙiƙa ɗaya. In ya kama bakin riga ko hannun riga, wallahi kafin ka ce me ya riga ya naɗe mutum, babu wanda yake da saurin fizge jikinsa. Murfin robar nan da ke kan sandar da ke haɗa PTO da kayan aiki kada ka cire shi, kada ka tsallake sandar tana juyawa, kada yaro ya tsaya a wurin. In za ka taɓa, kashe inji, zare makulli ka sa a aljihu. Wannan maganar ba na gajiya da maimaita ta.

Kayan da na fara gwadawa shi ne injin barzar ƙasa, mai wuƙaƙe masu lanƙwasa. Faɗinsa ya rufe sawun tayoyin baya, abin da ake so ke nan, in ya fi su ƙanƙanta za ka bar ƙasa a danne gefe da gefe. Na ba ta totur har allurar ta kai alamar 540 da ke jikin mita, na tafi a hankali, zagaye na farko sama sama, na biyu na ƙara zurfi. Ku ga ƙasar nan a hannuna, ta yi laushi amma ba ta zama gari ba, haka nake so, in ka maimaita da yawa ta zama ƙura, ruwa na farko zai daskarar da samanta. Na ci karo da wani dutse a ɓoye, na ji ƙas, wuƙaƙen suka tsaya. Wani ɗan noti ne ya karye a jikin sandar, kuma don haka aka yi shi, ya karye shi ya ceci giyar. Ka ajiye irinsa guda biyu uku a akwatin kaya, amma kada ka musanya shi da mai tauri, in shi bai karye ba abu mai tsada ne zai karye.

Na yankan ciyawa kuwa babu dogon bayani, yana cin ciyawa da ƙananan itatuwa sumul, sai dai yana wurgi da duwatsu, kuma bayan ka kashe wuƙar tana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, jira ta tsaya.

Bokitin gaba shi ne ya fi burge ni kuma shi ne ya fi tsorata ni. Na ɗebo jiƙaƙƙen yashi cike, babu komai a baya, ina juya sitiyari sai na ji tayar baya ɗaya ta yi sakayau kamar za ta bar ƙasa, gabana ya faɗi, na sauke bokitin nan take. Dalili, nauyin duk ya koma gaba. Tun daga ranar ba na aikin bokiti sai da abu mai nauyi rataye a baya, ko da injin barzar ne, kuma ina tafiya da bokitin ƙasa ƙasa, sai na zo wurin juyewa nake ɗagawa. Wannan ƙarfen da ya yi baka a saman kujera don ya kare ka in ta kife aka yi shi, ka bar shi a tsaye ka ɗaura bel, su biyun tare suke aiki. In za ka ja kaya ko kututture kuma, a ƙarfen ja na ƙasa za ka ɗaura, in ka ɗaura a sama tana iya tashi ta kife ta baya.

Abin da bai yi min ba, ragar gaban lagireto tana saurin cika da ƙaiƙayi, ranar yankan ciyawa sau biyu na tsaya na kakkaɓe don na ga allurar zafi tana hawa. Littafinta ya ce giris a gaɓoɓin bokiti duk awa 10, canjin bakin mai na farko a awa 50. Ni na riga na wuce 10 ɗin, ƙanena miƙo min bindigar giris ɗin nan, mu fara da wannan fil ɗin na ƙasa, za ka matsa har sai ka ga sabon giris ya turo tsohon ya leƙo ta gefe, kun gan shi nan yana fitowa.