Wa Ya Fi Sanin Talakan Gari: Takarda ko Maƙwabci?

Assalamu alaikum, masu kallo. A ce an kawo kuɗin tallafi garinku, na gida ɗari kacal, alhali gidajen garin sun kai ɗari huɗu. Wa za a ba, wa za a bari? Wane ne ma zai yanke wannan hukunci? Tambayar nan ta daɗe tana wahalar da gwamnatoci da masu bincike, kuma ita ce silar yawancin ƙorafin da kuke ji cewa an yi son kai a rabo.

Hanya ta farko ita ce a turo ma'aikaci da waya ko takarda, ya bi gida-gida. Ba zai tambaye ka nawa kake samu a wata ba, don manomi ba shi da albashi, mai sayar da ƙosai ma ba ta rubuta cinikinta. Sai ya dubi alamu. Rufin ɗakin kwano ne ko jinka? Daɓen siminti ne ko ƙasa? Akwai babur, akwai awaki? Mutum nawa ke ci daga tukunya ɗaya? Kwamfuta ta haɗa maki, wanda makinsa ya yi ƙasa ya shiga jeri.

To amma ku dubi wannan gidan. Rufinsa kwano ne, an yi shi tun lokacin da babban ɗan gidan ke ci-rani a kudu yana aiko da kuɗi. Yaron ya rasu. Tsohon ƙarfi ya ƙare, rumbu wayam tun kafin ruwan shuka ya sauka. Idan baƙo ya yi sallama, zai sa rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a ya fito, ya ce alhamdulillahi, domin mai rufin asiri ba ya tallan yunwarsa. A takarda, gidan nan yana da hali. Maƙwabciyarsu kuwa ta san kwana biyu ke nan ba ta ji ƙarar turmi ta bayan katanga ba, ba ta ga hayaƙi ya tashi ba.

Wannan sanin na maƙwabta shi ya haifar da hanya ta biyu: a bar mutanen gari su fitar da mabukatansu da kansu. Da ita aka gina rajistar marasa galihu ta Najeriya, wadda NASSCO, ofishin gwamnatin tarayya mai daidaita shirye-shiryen tallafi, ke kula da ita tun da aka fara shirin tallafin a 2016 da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya. A ƙa'ida, ana raba taro uku, maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi abin da talauci ke nufi a garinsu, ya kawo sunaye, a daidaita jerin, sannan ma'aikata su bi gidajen su ɗauki bayanai. Daga wannan rajista aka riƙa biyan naira 5,000 a wata, har da kuɗin Abacha sama da dala miliyan 322 da Suwizalan ta dawo da su.

Wace hanya ta fi? An gwada, ba sau ɗaya ba.

A Indonesiya, wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee wanda ya ci kyautar Nobel a 2019, sun ɗauki ƙauyuka 640 suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka yi musu lissafin alamu, wasu taron gari, wasu aka haɗa biyun. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna lissafi ya ɗan fi dacewa wajen gano masu ƙarancin abin kashewa, amma inda aka yi taron gari mutane sun fi gamsuwa, ƙorafi ya ragu. Dalili kuwa, mutanen gari ba abin da ka ci jiya kaɗai suke dubawa ba, suna duba ko kana da ƙarfin nema gobe. Akwai wani ɗan abu da suka lura da shi wanda nake ganin bai kamata a manta ba: gidajen da aka tattauna a farkon taro an fi tantance su daidai, na ƙarshe kuwa jama'a sun gaji. Wato rabon marainiya na iya rataya a kan ko sunan gidansu ya fito kafin rana ta take.

Sai aka yi makamancin gwajin a Nijar, a ƙauyuka 318, cikin shirin da ke ba gida jika 10 ta sefa, wato sefa dubu goma, duk wata. Nan labari ya sha bamban. Waɗanda ba su samu ba sun fi yarda da hukuncin lissafi a kan na kwamitin gari. An ga wasu 'yan kwamiti suna ƙoƙarin jawo rabon gidajensu, an kuma ga cewa ba kowane gida suka sani ciki da bai ba. Mutum ya fi iya haƙura idan na'ura ce ta tsallake shi, a kan a ce wanda suke sahu ɗaya a masallaci ne ya cire sunansa.

Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun zauna a ƙauyuka sun ga abin da ke faruwa bayan motar masu rabo ta juya. A wasu wurare ana tattara kuɗin a sake raba su ga kowa. Matar da aka damƙa wa kuɗi a hannu, sau da yawa maigida take miƙa wa. A taron da ake kira na gari, ba kowa ke iya ɗaga murya a gaban maigari ba. Su mutanen gari a ganinsu fari bai zaɓi gona ba, don me tallafi zai zaɓi gida?

A nan nake ganin kuskuren da aka fi yi. Ana tara dattawa ashirin a ƙofar fada, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an tuntuɓi al'umma. Matar da ke kulle ba ta wurin. Makiyayin da ke ruga a bayan gari ba a aika masa ba. Gurgu bai iya zuwa ba, ɗan gudun hijirar da ya sauka bara ba a lissafa shi ɗan gari ba. Su ne kuwa aka fito nema.

A watan Yulin 2023, majalisar tattalin arzikin ƙasa ta Najeriya, wadda gwamnoni ke cikinta, ta ce ba ta aminta da rajistar Najeriya ba, ta nemi jihohi su yi tasu. Ko wa zai yi sabuwa, tambayoyin ba su canja ba, kuma kuna da haƙƙin yinsu idan ma'aikata suka iso unguwarku. Mata za su yi nasu zaman ba tare da maza ba? Za a karanta sunaye a bainar jama'a kafin a tafi da su? Idan an tsallake wanda kowa ya san ba shi da na tuwon dare, wurin wa za a kai kuka, wanda ba shi ne ya rubuta jerin ba? Kuma yaushe za ku dawo? Domin gidan da ke da hali bana, ambaliya ɗaya ko rasuwar maigida ta isa ta mayar da shi abin tausayi kafin kaka, sunansa kuwa ba ya cikin jerin da aka rubuta shekara uku da suka wuce.