Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Maraɗi, Mai Martaba Sarkin Katsinar Maraɗi, Mai Martaba Sarkin Gobir na Tsibiri, Allah ya ja zamaninku, malamai da ɗalibai, iyaye maza da mata. A madadin ma'aikata da ɗaliban wannan jami'a, ina yi wa babban baƙonmu lale marhabin, tare da yi masa sannu da hanya, domin duk wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Maraɗi, mai tsawon fiye da kilomita 600, ya san ba ƙaramar ɗawainiya ya ɗauka ba.

Ranka ya daɗe, gidan da ka sauka a cikinsa yaro ne a cikin jami'o'i, tun da a 2010 aka kafa shi, amma sunan da yake ɗauke da shi na dattijo ne. Marigayi Farfesa Ɗan Dikko Ɗankulodo ɗan garin nan ne, masanin kimiyya, wanda ya riƙe muƙamin ministan ilimi na ƙasar nan. Muna koyar da kimiyya da fasaha, da aikin likita, da noma da kula da muhalli. A kan na ƙarshen nan zan ɗan tsaya, saboda a jihar da galibin jama'arta da hatsi da wake suka dogara, a bakin rumbu ake gane ko jami'a tana da amfani.

Manomanmu sun san tsutsar nan da suke kira murzuna, wadda take bin zangarniyar hatsi tana sassaƙe ta, har mutum ya ɗaure dami ya ji ba nauyi. Masu bincikenmu, tare da takwarorinsu na cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, sun daɗe suna yaƙar ta da wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ana kiwonsa a ɗakin bincike, a ɗura shi cikin ɗan buhun algarara, a kai ƙauye a rataye lokacin da hatsi ya fitar da kai. Idan ya fito sai ya nemi tsutsar, ya harbe ta, ya saka ƙwansa a jikinta. Manomi bai sayi maganin feshi ba, bai shaƙi guba ba, kuma bai kashe ƙudan zuma ba. Haka kuma a Maraɗi aka yi gwaje-gwaje masu yawa a kan buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda yake hana iska shiga har ƙwarin wake su mutu, abin da ya sa uwar gida take iya ajiye wakenta zuwa bazara, lokacin da yake daraja, ba tare da ta barbaɗa masa magani ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba mu ne farkon malamai a wannan ƙasa ba. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, manoman jihar nan suka rungumi sassaben zamani. Mutum zai zaɓi tsiro biyu ko uku daga kututture, ya sare saura, ya bar su su girma a tsakiyar gonarsa. Yunwar 1984 ta ƙara wa dabarar karɓuwa. A yau ana ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 suka farfaɗo a kan kusan hekta miliyan 5 a Nijar, cikinsu har da gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ba ƙasa taki. Idan ɗalibinmu ya je ƙauye irin Ɗan Saga da igiyar awo da littafi, koyo ya je yi, kuma muna gaya masa haka tun kafin ya hau mota.

Mai girma Minista, tun da an ce wanka da gari ba ya maganin yunwa, ba za mu ɓoye buƙatarmu ba. Ɗalibai suna ƙaruwa kowace shekara, ɗakunan karatu da na kwana ba sa ɗaukar su. Ɗakin da ake kiwon ƙwari yana son wutar da ba ta yankewa, domin zafin watan Afrilu na wuni ɗaya yana iya halaka aikin watanni. Muna kuma roƙon a taimaka mana da kayan awon ruwa, saboda mutanen Tsibiri ba su manta da yaran da sinadarin fuloraid na ruwan famfo ya lanƙwasa wa ƙasusuwa ba, kuma ba ma so a sake haƙa rijiya a jihar nan a sha ruwanta kafin a gwada shi.

Bayan wannan zama, ɗalibai suna jiran ka a gonar gwaji domin su nuna maka abin da na ambata da idonka. Allah ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.